Littafin Da Ya Dawo Fes

Kwanaki wasu 'yan mata suka same ni a ƙofar gida a unguwar Hammadu Kafi ta Gombe ina ɗinkin bango. Ɗaya ta ce, "Adda Mairo, ke kam kin huta. Ɗaukar jaka kawai, a shiga gida a fita gida, a sha hira." Ta ce ita ma tana sharhin littattafai a waya, mutane da yawa na sauraren ta. Na miƙa mata littafi ɗaya na ce kar ta buɗe, ta gaya mini ko yana da daɗi. Ta juya shi, ta kalli hoton bango, ta yi dariya. Na karɓe abina. Da ita da irinta nake wannan bayani.

Ban yi boko ba. Har yau ba na haɗa baƙi, faɗa nake ana rubutawa. Sana'ata hayar littafi, na labaran Hausa, gida gida, wajen matan da ba sa fita kasuwa. Na fi shekara talatin a kai.

Aikin farko da Goggo Dudu ta ba ni, littafi ne da ya watse. Goggo ƙanwar mahaifina ce, dillaliyar atamfa, ita ta fara cusa littattafai a ƙarƙashin zannuwa da ta ga mata na tambaya. Ita ma ba ta karatu. Ta zube mini takardun a tabarma ta ce in jera. Na ce ta yaya, ban san lamba ba. Ta ɗauki ɗaya ta nuna mini tabon shayi. A takarda ta farko faɗinsa ya kai tafin hannu, a ta biyu ya ragu, a ta uku ya ƙara raguwa. "Bi tabo," in ji ta. Na yini ina bi. Inda tabo ya ƙare na bi yagewar gefe. Da na gama ta kai wa wata mai karatu, aka samu biyu a juye. Ta kwance ɗinkin gaba ɗaya ta ce in sake. Daga baya na koyi lamba. Ita kaɗai na koya.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙusa ta huda, basilla, zaren lilo, reza, ruwan ƙaro, kwalin taliya na sabon bango, farar leda ta rufi. Sabon littafi ba ya fita haya sai na ɗinke ƙeyarsa, huda biyar, domin ɗinkin kamfani ba ya wuce gida uku. Zaren ma da ma'anarsa. Ja na soyayya ne, kore na zaman aure, baƙi na masu aljanu da matsafa. Da zare nake gane kayana a cikin jaka ba tare da na tambayi kowa ba.

Babban abin da Goggo ta koya mini shi ne duba bakin littafi. A rufe shi, a ɗaga wajen haske. Babban yatsan mai karatu yana barin datti a gefen kowace takarda da ya juya. Bayan gida biyar sai ka ga layi mai duhu. In layin ya kai ƙarshe, labarin na da rai. In ya tsaya a hanya, nan labarin ya mutu, ko wa ya rubuta. Manja a gefe, an karanta ana girki, an kasa ajiyewa. Kusurwa a lanƙwashe, an koma wurin sau biyu. Sai kwanaki. Littafi mai daɗi ba ya dawowa da wuri. Za a ce maƙwabciya ta ara, za a ce yana ƙarƙashin katifa maigida na barci a kai. Wanda ya dawo washegari, fari fes, gawa ne. Goggo takan jefa shi a buhun matattu ba ta ko kalle shi sau biyu.

Akwai wani malamin kwaleji da ya rubuta littafi ya kai shagon da nake sayen kaya a tsohuwar kasuwa. Mai shagon ya ce masa ya ba ni gwaji tukuna. Bayan mako uku muka haɗu a shagon. Na sa farce inda layin ya tsaya na ce, "Malam, me ya faru a nan?" Ya buɗe ya duba. Ya ce a nan ne ya fara bayanin asalin kakan yaron da ke cikin labarin. Na ce, "To nan matan Gombe suka ajiye ka." Ya ji haushi, ya ce wadda ba ta san bihim ba za ta koya masa rubutu. Bayan wata biyu ya dawo ya cire kakan. Daga nan marubuta suka san hanyar gidana. Mai shago ba ya karɓar sabon littafin ɗan gari sai ya tambaya, "Mairo ta gani?"

Muguwar shekara ta zo da damina. Lokacin ina zaune a bakin kwari, a wani ɗaki da na kama. An yi ruwa tun hantsi. Bayan la'asar ya ɗauke, na fito tsakar gida da tsintsiya. Ƙasa ta zame. Kwarin ya ci ɗakina, da littattafai buhu huɗu, da awaki biyu, da maƙwabciyata Lami da goyonta. Ni na kama saiwar dalbejiya har maza suka zo da igiya. Hannuna na hagu bai sake miƙewa daidai ba. Na sake farawa da littattafan da ke hannun mutane. Ina cikin farfaɗowa waya ta shigo. Labari ya koma cikinta. Gidajen da nake shiga suka riƙa raguwa, yau wannan, gobe wancan. "Adda, ai yanzu a waya muke karantawa." Wasu masu hayar suka koma sayar da turare. Ni na ci gaba da tsofaffi da waɗanda mazansu ba su saya musu babbar waya ba.

A haka Malama Talatu ta same ni. Malamar firamare ce, 'yar Tangale, tana zaune a Federal Low-Cost da mijinta. Ta zo ranar Asabar da littafi uku a leda, iri ɗaya, bangonsu ja, ba hoton mace ba hoton mota.

"Mama, an ce ke ake kawo wa."

"Na mene ne?"

"Na ƙarshen duniya ne. Na tsoro."

"Da aljanu?"

"Babu aljani. Kwari ne. Kwarin Gombe ne ya buɗe yana cin unguwa bayan unguwa, har duniya ta ƙare."

Na juya ɗaya a hannuna. Ta ce ta kai wa ƙungiyarsu ta marubuta, sun yi zama a kai, sun ce matan Hausa ba sa karanta irin wannan, kuma ba soyayya a ciki. Mai shago ya ce sai na gani. Kwali shida ta buga, suna jibge a ɗakin 'ya'yanta, mijinta ya gaji da tsallake su.

"Shekara huɗu na yi ina rubuta shi, Mama. In kin ce bai yi ba, zan rabu da su, in bar rubutu. Na gaji."

"Kar ki ɗora mini. Ba ni ke faɗa ba, littafi ke faɗa."

"Ko in karanta miki kaɗan?"

"A'a."

Ban so jin labarin kwari ba. Na ɗinke su da baƙin zare, na kai gida uku da na fi yarda da su. Ɗaya wajen Fatu a unguwar Madaki, matar wani tela, wadda ko takardar ƙunshin magani ta samu sai ta karanta. Ɗaya wajen wata tsohuwar nas. Ɗaya wani babban gida mai surukai da yawa. Da safe na kai.

Washegari duka ukun suna gidana. Ban ma je karɓa ba, aiko da su aka yi. Na Fatu tun kafin magaribar ranar ya iso, a ɗaure cikin leda biyu. Na ɗaga su wajen haske. Fes. Ba manja, ba tabon miya, ba kusurwa ko ɗaya a lanƙwashe. Ban taɓa ganin littafi ya mutu a gida uku rana ɗaya ba. Na aika wa Malama Talatu ta zo.

"Ya mutu," na ce.

"Gaba ɗaya?"

"Ko taɓa shi ba su yi ba. Ki duba da kanki."

Ta duba. Ba ta yi gardama ba. Ta ce na gode, Mama. Na ba ta biyu, na riƙe ɗaya saboda bangonsa mai kauri ne, zan yanka in liƙa wa wani. Na jefa shi a jaka.

Bayan kwana huɗu zagayena ya kai Madaki. Na tsaya a zauren su Fatu na yi sallama. Ina jin daka a ciki. Dakan ya tsaya, ba a amsa ba. Na sake. Na ce, "Fatu!" Shiru. Na ce, "Fatu, ni ce!" Shiru. Na ɗaga labule na shiga. Tana tsaye a tsakar gida da taɓarya a hannu, ido a waje. Da ta ga fuskata ta zauna a kan turmi.

"Adda Mairo, Allah ya isa tsakanina da ke."

"Me na yi?"

"Wane irin abu kika kawo mini? Kwana biyar ke nan in aka kira sunana daga waje ba na amsawa sai na ga mai kira. Jiya Baban Ummi ya yi ta kira daga shago har ya shigo da faɗa."

Ta gaya mini. A cikin labarin, duk wanda kwari ya haɗiye ba ya mutuwa. Yana zama a ƙasa yana kiran danginsa da suna, da muryarsa ta gaske. Wanda ya amsa, ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinsa. Sai gari ya zama uwa ba ta amsa ɗanta, miji ba ya amsa matarsa, ladan ya daina kira. Kuma da sunan unguwanninmu aka rubuta. Madaki tana ciki. Na leƙa ɗakinta, ta janye gado daga jikin bango, an shafe wata tsaga da sabon siminti.

"Kin karanta ke nan?"

"Daga farko har ƙarshe. A nan na zauna, a tsakiyar gida, nesa da bango. Tun da kika fita ban tashi ba sai sallah."

"Ya dawo mini ba ɗigon mai."

"Wa ya ɗora tukunya? Burodi suka ci ranar. Ni ko ruwa bai wuce mini ba."

"Me ya sa kika aiko da shi da wuri?"

"In kwana da shi a ɗaki? Ke ki kwana da shi."

Na zaro wanda ke jaka. Wannan karon na buɗe. A gefen ciki, kusa da ɗinki, inda ba na dubawa, akwai sawun farce. Ƙanana a farko. Daga tsakiya suka yi zurfi, wasu sun huda takarda. Takardun ƙarshe sun yi kumburi, irin na gumin tafin hannu in ya bushe. Shekara talatin ina duba baki, ban taɓa samun littafin da ke hana cin abinci ba, shi ya sa ban san inda yake barin sawu ba. Laifina ne. Gida ɗaya ya shiga, hannu ɗaya ya riƙe shi, na yanke hukunci.

Ban ƙarasa zagaye ba. Na tari keke mai ƙafa uku zuwa Low-Cost. Malama Talatu ta dawo daga makaranta ke nan, ko takalmi ba ta cire ba.

"Ina kwalayen?"

"Na rabu da su, Mama. Shekaranjiya."

"Kin ƙona?"

"Na ba Ladi mai awara. Ta ce takardar za ta yi ƙunshi."

"Sa mayafinki."

Ladi tana suya a bakin titi, inda masu keke ke tsayawa. Kwalayen na jingine a bayan bencinta, ɗaya a buɗe, ga yagaggun takardu a ƙarƙashin dutse. Masu keke biyar ko shida na zaune. Da ta ga Malama ta ajiye matsami.

"Gara da kika zo, Anti. Ki kwashe kayanki. Takardarki na kore mini ciniki."

"Me ta yi?"

"Mutum ya sayi awara, ya zauna, ya karanta abin da aka ƙunsa masa, ya ture. Jiya wani ya ce in na ƙara sa masa a ciki ya daina zuwa."

Wani mai keke mai furfura ya miƙe, ya zaro takarda daga aljihu, duk mai ya jiƙa ta. Ya ce, "Hajiya, ke kika rubuta wannan? Ni dai abin da na samu, wata uwa ce tsaye a bakin kwari, ɗanta na kira daga ciki. Nan takardar ta ƙare. Na sayi awara sau uku ban samu ta gaba ba. Don Allah ta amsa ko ba ta amsa ba?"

Malama ta buɗe baki za ta faɗa. Na dafa hannunta.

"Kar ki faɗa. Na haya ne."

Masu keke suka fashe da dariya. Mai furfurar ya ce, "Kai, Mama, ba ki da imani." Na ce in yana da mata ya gaya mini gidansa.

Littafi huɗu kawai Ladi ta yaga. Na ce zan kawo mata buhun matattuna a madadin, waɗanda ba mai karanta su ko an ƙunsa masa nama. Ta ce ta fi son haka. Muka loda kwalayen a keke biyu. Kafin mu hau na tsayar da Malama a gaban mutanen, tun da a bakina maganar ta fita.

"Na ce miki ya mutu. Ba daidai na duba ba. Tun da nake sana'ar nan ban ɗauki littafi mai ƙarfinsa ba."

Ta rufe fuska da mayafi. Na ce ta hau, rana na yi.

Shi ne littafi na farko da na zauna aka karanta mini tun daga farko har ƙarshe. Ita ta karanta, a ƙofar gidana, yamma uku bayan ta tashi daga makaranta. Da ta rufe ta ce in faɗi gaskiya. Na ce kiran suna ya yi, wannan ba wanda ya taɓa kawo shi. Unguwannin sun yi. Uwar nan ta yi. Mai unguwar da ke ta dogon jawabi a tsakiya, a rage masa baki. Sai abu ɗaya.

"Kin taɓa ganin kwari ya ci gida?"

"Daga nesa, bayan ya ci."

"Kin sa yana ruri kafin ya zo. Ba ya ruri. Shiru yake yi. Kaji ne ke fara sani, su hau katanga. Kuma kin sa mutane na ihu suna doguwar addu'a. Ba lokaci. Lami ko uffan ba ta ce ba. Ni takalmina nake nema da ido, ina rataye."

Ta rubuta a bayan hannunta don ba takarda kusa. Ta ce zai shiga na biyu. Na ce to a yi na biyun.

Na je shago da kaina. Mai shago ya ce, "Ba ke kika ce ya mutu ba?" Na ce na faɗa, na janye, ya ajiye kwali biyu. Na ɗinke goma na zuba a jaka. A nan na gano abin da ko Goggo ba ta sani ba. Littafin soyayya yakan yi mako a gida ɗaya. Wannan ba mai yarda ya kwana. In na kai da safe, kafin magariba an aiko, ko a kira ni in zo in ɗauka. Kullum yana sabon gida. Matan da suka karanta ba sa iya yin shiru, sai sun gaya wa na kusa, na kusa su ce ƙarya ne, su aiko a kawo musu. A waya ba a same shi ba, Malama ba ta sa ba, na ce kar ta sa. Gidajen da suka sallame ni suka fara buɗewa. Wanda ya karɓi mai jan bango yakan ce a bar masa da na soyayya ɗaya ya wanke ido. Goman nan sai da na sake musu bango sau biyu. 'Yan ƙungiyar marubuta suka sake zama a kansa, suka gayyace ni. Ban je ba, ranar zagayen Madaki ce.

Akwai wata Hajiya Asma'u a Low-Cost, tsohuwar shugabar makaranta, mace mai tsare gida. Shekara shida rabona da falonta, ita ta fara ce mini zamanin takarda ya wuce. Wata safiya ta aiko direba. Na kai mata da hannuna. Ta karɓa da yatsa biyu ta ce tana so ne ta ga abin da ke ruɗa jahilai. Na ce to.

Bayan la'asar direban ya dawo, ya ce Hajiya ta ce in zo yanzu. Na same ta a tsakiyar farfajiya a kan kujerar roba, nesa da ginin. Littafin na kan tire a bakin ƙofa, an ɗora masa dutse.

"Ɗauki abinki, Mairo. Shirme ne. Ƙasa ba ta yin haka."

Na ɗauka na sa a jaka.

"Kuma kar ki ƙara kawo mini irinsa."

"To, Hajiya."

Na kai bakin get. Daga cikin gida mijinta ya ƙwala kira, "Asma'u!" Ba ta motsa ba. Ya sake kira. Ta ɗaga mini hannu, murya ƙasa ƙasa.

"Mairo. Leƙa ki gani, Alhaji ne?"